Chindo Bai Taɓa Kada Kowa Ba

Rumfata tana mararrabar Tsarnawa, daidai inda hanyar rairayi da ta fito daga ƙauyuka take hawa kwalta. Sunana Isufu, faci nake yi, ina sayar da taya, ina ba da iska. Duk ɗan kabu-kabun da ke aiki tsakanin Konni da Malbaza na san shi, na ma fi sanin tayarsa a kan fuskarsa. Yawancinsu in sun zo saye tambayarsu ɗaya ce: wacce ta fi daɗewa? Sai su zaɓi mai taurin tsiya su tafi suna murna. Ruwan farko na sauka su dawo da gwiwa a ɗaye, su ce ni na cuce su.

Chindo ba haka yake ba. Gajeren mutum ne mai sanyin magana, gidansa na wani ƙauye can cikin rairayi, yana noman gero da wake kamar kowa. Kafin ya samu babur amalanken jaki yake korawa, kuma ina jin daga can ya taho da halin nan na duba ƙafar abin hawa kafin ya ɗora masa kaya. In zai sayi taya, ranar ba ni da sauran sukuni. Zai zauna kan benci, ya ɗora ta a cinya, ya luma mata farce ya ga ko robar za ta karɓa, ya juya ta, ya sake juya ta. In na miƙa masa mai manyan haƙora ya ce wannan ta taɓo ce da rairayi, in ta hau kwalta sai gurnani da rawa. In na miƙa masa mai ƙananan zane ya ce wannan ta ƴan birni ce, rairayin garinsu zai shaƙe ta. Tsaka-tsaki yake nema, mai taushi, wadda zanenta ya gangaro har gefe.

"Kai Chindo, mata kaka zaɓe ko taya?" Haka nake ce masa in ya ishe ni.

"Isuhu, tsakiyar taya kowa na da ita," in ji shi. "Ni kahwaɗa nika dubi. In ka miƙe, kahwaɗa ba ta taɓa ƙasa. Ran da ka kwanta cikin kwana, ita ɗai ka riƙe ka."

In an ɗaura masa sabuwa ba ya hawa sai ya ɗebi rairayi ya dirje ta ciki da gefe, har ƙyallin nan na kamfani ya dushe. Cewa yake taya mai ƙyalli ba ta kama ƙasa. In zai shiga rairayi ya rage iska, in zai hau kwalta ya tsaya rumfata in ƙara masa. Shekara ashirin da wani abu muna haka da shi, har na gane ƙarar injinsa tun bai ɓullo ba.

Samari suna yi masa dariya, suna kiransa Baba Sannu, don har keke yana iya wuce shi a hanya. Amma in naƙuda ta kama mace a ƙauyukan nan, ko tsoho ya kwanta ana son kai shi likita, ba a neman masu dariyar. Chindo ake aika wa. Mazan da ba sa yarda matansu su hau bayan kowa, da kansu suke ɗora su bayansa. Magana ɗaya ce ke yawo a bakin mata, daga rijiya har gidan suna: Chindo bai taɓa kada kowa ba. In aka faɗa a gabansa sai ya sunkuya kamar yana duba sarƙa, amma ni da na san shi ina ganin yadda bakinsa yake motsi. Ba shi da shanu, ba shi da gidan siminti, bai je Makka ba. Wannan maganar ita ce abin da ya tara, kuma yana ji da ita ƙwarai.

Matarsa Barira mace ce da ba ta iya ganin abu ya dushe. Kwanoninta, ƙoranta, har turmi, komai sai ta goge ta shafe shi da mai yana sheƙi. Abu ɗaya ne a gidan hannunta bai taɓa kaiwa ba, shi ne babur. Chindo ke wanke abinsa da kansa.

Shekarar da aka aurar da autarsu Humaira ga wani yaro mai aiki a kamfanin siminti na Malbaza, bayan kaka aka sa biki. Uba ba ya rakiyar ƴarsa ɗakin miji, kowa ya sani. Amma akwai Bara'atu, yayar Chindo, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Ita ce gwaggon amarya, ita za ta damƙa ta hannun dangin miji. Mota tana sa ta amai, bayan yaran zamani kuwa ta rantse ba ta hawa. Ta ce ko Chindo ya kai ta ko a fasa. Bara'atu in ta yi magana ba a maimaitawa, sai aka shirya zai sauke ta bakin garin Malbaza ya juyo.

Da la'asar na jiyo su, oda da guɗa da ƙura. Abokan ango sun ba Chindo gaba don girmamawa, motar amarya na biye, babura na ta kaiwa da komowa a baya. Na jawo famfo na tsaya jiransa kamar kullum. Sai ya ɗaga mini hannu kawai ya wuce. Ya hau kwalta, ya kwanta hannun dama zai miƙi hanyar Malbaza, ba gudu ba komai. A gaban idona tayar gaba ta zame kamar an janye tabarma. Babur ya kwanta, Bara'atu ta faɗi a kan ƙugunta, ta yi wata ƙara da har yau ban manta ba.

Aka sauke wasu mata daga wata mota aka wuce da Bara'atu likita Konni, Chindo na riƙe da kanta. Amarya aka ƙarasa da ita tana kukan da ba na aure ba. Babur aka bar mini.

Na ɗaga shi na shiga dubawa, don raina bai yarda ba. Birki lafiya, kai lafiya, iska ba ta yi ƙarancin da za ta kada mutum ba. Tsakiyar taya a bushe, rairayi ya dirje ta fes. Amma kafaɗun biyu sun yi baƙi, ƙura ta manne musu ta yi danƙo. Na dangwala da babban yatsa na kai hanci. Man gyaɗa ne, har da ƙanshin suyar biki.

Washegari da hantsi Chindo ya zo, idanunsa jajur. Na tambayi mai jiki, ya ce ƙugu ya karye. Na ja shi bayan rumfa na nuna masa yatsana.

"Wa yas shahwa ma tayarka mai?"

Ya ce, "Barira ta shahwa. Yaran ango sun wanke baburansu, sun baƙanta gehen taya suna ta ƙyalli. Mata sun ka riƙa yi mata ba'a, wai na uban amarya kamar tsohon jaki cikin dawaki. Shi ne ta ɗauki tsumma da sauran man suya."

"Kai kuma ba ka gani ba?"

"Na gani." Ya share fuska da tafin hannu. "Na hito na iske shi yana walƙiya tun daga madubi har ƙasa. Ita kuma tana tsaye cikin mata, tana dubana tana jiran in ji daɗi. Isuhu, tunda muke ba ta taɓa babur ɗin nan ba sai jiya. In na duƙa gaban baƙi na ɗebi ƙasa na goge, mi nic ce mata ke nan? Sai na ce ma raina rairayi zai cinye shi kahin kwalta."

Raina ya ɓaci, na ce masa, "Kai da bakinka ka koya mani kahwaɗa ba ta taɓa ƙasa in an miƙe!"

"Na sani. Na so in tsaya wurinka, yara na ta oda bayana, Yaya na cewa in yi sauri."

"To sai ka hwaɗa ma mutane abin da ya hwaru."

Ya ɗago ya dube ni. "In ce mi? Barira ta karya Yaya? Ka san bakin Yaya. Gidana za a kawo ta, Barira za ta yi jinyarta. Ka bar zancen nan inda ka gan shi."

Ya roƙi sabulu da ruwa, ya duƙa ya wanke tayoyin da kansa, ya bi su da rairayi har suka koma toka-toka. Duk wanda ya tambaye shi daga ranar, amsa ɗaya yake ba shi: hannunsa ne ya gaji, tsufa ya zo.

Bara'atu ba ta sake takawa ba. Gidan Chindo ta ƙare kwanakinta, shekaru ba kaɗan ba, Barira ce mai juya ta, mai wanke ta, mai ba ta koko a baki. Duk wanda ya zo dubiya sai tsohuwar ta ba shi labarin yadda ƙanenta ya watsar da ita kan kwalta, sannan ta sa wa Barira albarka, ta ce ko ƴar cikinta ba za ta yi mata haka ba. Chindo yana zaune a bakin ƙofa yana ji.

Aike kuwa ya ɗauke kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya zage shi, kawai dai an daina buga masa ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran nan masu taya kamar kan mai sanƙo, in na yi musu faɗa sai su ce, "Bari, Baba Isuhu, ko Chindo ma ya kada." Wata rana yana zaune rumfata aka wuce da wata mai naƙuda daga ƙauyensu, a bayan wani yaro da tayarsa ta baya har zare ya fito. Chindo ya bi tayar da ido har suka sha kwana suka ɓace. Furar da ke hannunsa bai ƙarasa ta ba. Sau nawa maganar ta zo mini har leɓe, sai ya dube ni, in haɗiye.

Ya koma ɗaukar buhunan albasa da dussa zuwa kasuwar Konni. Zaɓen taya kuwa bai canza ba ko kaɗan, farce, juyi, kafaɗa, rairayi. Na ce masa, "Albasa kaka ma wanga wahala? In ta hwaɗi ai ba ta kai ƙara." Ya yi murmushi ya ci gaba da dirza.

Damanar bara ya rasu, ciwon kwana kaɗan. Bayan Barira ta fita takaba ta aiko in je in duba babur, za a sayar. Na iske shi a zaure, ta yaye masa tabarma. Tanki, madubi, waya-wayan ƙafa, komai na sheƙi, zauren duk ƙanshin man gyaɗa. Na duƙa na kai yatsa kafaɗar tayar gaba. A bushe take ƙamas, ta baya ma haka, da ƙurarsu da komai.

"Ban sa musu ba, Malam Isuhu," in ji ta daga bakin ƙofar cikin gida.

Na kasa ɗagowa. Da ƙyar na ce, "Tun yaushe kin ka sani?"

"Tun randa ya dawo da shi daga wurinka. Komi na nan da man da na sa, taya kaɗai an ka dirje. Mutum yayarshi na kwance likita, ya tsaya wankin taya? Ni ba yarinya ba ce."

"Kin hwaɗa mishi?"

Ta gyara lulluɓi. "Sunanshi ya bayar don kar in sani. In na ce mishi na sani, ya bayar a banza ke nan." Sannan ta ce, "Yaya ta tahi, shi ma ya tahi. Ni yanzu ba abin da za a ce mani ya dame ni. Ka hwaɗa ma mutane, a maida mishi sunanshi."

Na dawo Tsarnawa zuciyata a cike. Na iske ƴan kabu-kabu sun cika benci suna jiran iska. Na ce kowa ya kashe waya ya saurara, na ba su labarin tun daga tsumman mai har zauren Barira, na ce su sani Chindo hannunsa bai taɓa gajiya ba. Wasu na ta girgiza kai. Can sai wani daga cikinsu, wanda na tabbata uwarsa a bayan Chindo aka kai ta likita ranar da za ta haife shi, ya karkato ya ce, "Baba Isuhu, wane Chindo? Tsohon nan mai albasa?"