Kallin da Shanun Ja'e Suka Raba Uku

Har gobe ban manta da wata ranar kaka ba, a shekarar da Nasara suka daina kwasar mutane aikin tilas. Lokacin ina su a wani tafki kusa da Waca, kalli ɗaya gare ni. Kalli raga ce da ake kafawa cikin ruwa da turaku, a bar ta, kifi ya zo da kansa ya maƙale. Damina guda na yi ina saƙa shi, dogo ƙwarai, don a ganinmu tsawo shi ne kamu. Gonata ba ta yi ba a shekarar, abincin gidana duk a kansa yake.

Da hantsi wani makiyayi Bafulatani, Ja'e, ya koro shanunsa mashaya. Suka ratsa kallin, suka raba shi uku, igiyar sama ta tsittsinke.

Muka je gaban Sarkin Ruwa, mai raba wa masunta wuri. Ya ce, "Malam Habu, mashayar nan ta girmi kallinka. Kai kuma Ja'e, kana da ido."

Ja'e ya ce, "Ranka ya daɗe, saniya ba ta san raga ba. Amma igiyarsa tana wuyana."

Na ce, "Igiya zan dafa wa yara?"

Babu zare, babu lokacin saƙa. Na gyara guntayen, na kafa biyu dama da hagun mashayar, ɗaya cikin ciyawa. Ikon Allah, shanu na shiga ruwa sai karfasa da tarwaɗa su watse gefe, su faɗa ciki. Gajeren kalli kuma ga sauƙin ɗagawa, in ruwa ya janye ka cire ka bi shi. Da kifin nan na yi ta musanyen gero har muka ga damina.

Kaka na zagayowa sai ga Ja'e da igiyar ɓawon kuka, wadda ya murza a wajen kiwo.

"Kaɗo, ga igiyarka. Auna."

Na sa wuƙa na yanka ta uku a gabansa. Ya riƙe baki.

"Ashe aikin shanuna ka koya!"

Na miƙa masa busasshen kifi, ya ce shi kam ba ya ci. Sai na auna masa geron da kifin ya kawo, muka yafi juna.

Tun ranar nake gaya wa masunta: kafin ka kafa turke, tsaya ka ga wa ke shan ruwan.