Muryar Kakana da Ta Lalace a Hannuna

A shekarun da abin nan ya faru, ni saurayi ne da bai daɗe da gama karatun kwamfuta a Sakkwato ba. Na dawo Tambuwal na buɗe ɗan shago kusa da tasha, ina buga takardu, ina yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ina gyaran kwamfutocin ma'aikata. A danginmu ba a taɓa samun wanda ya san wannan harka ba, saboda haka duk abin da na faɗa shi ke nan, ba mai ja. Ni ma har na fara yarda cewa ba na kuskure.

Kakana na wajen uwa malami ne a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Ya yi shekaru masu yawa yana tafsiri da karantar da littattafai, ɗalibansa suna ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa aka tara kaset ɗin cikin buhuna a tsohon ɗakinsa. Wata rana kawuna, babban ɗansa, ya zo da su shagona a bayan mota. Ya ce zaren cikinsu ya fara cinyewa, wasu sun yi danshi, yana so in mayar da su cikin kwamfuta kafin muryar mahaifinsa ta ɓace. Na karɓa da murna. Na yi watanni ina kunna kaset ɗaya bayan ɗaya ina naɗa, har na haddace yadda Malam yake gyaran murya kafin ya fara.

Daga nan ne na ɗebo wa kaina. Na so in yi abin da za a yi magana a kai, wato ma'ajiya guda wadda duk ɗalibin da ya shigo shago zai haɗa wayarsa ya kwashi karatun da yake so. Akwai manhaja ta kyauta da ake yin wannan da ita, amma masu ita sun rubuta ƙarara cewa tana buƙatar kwamfuta tata ta kanta, kuma dole ta riƙa ganin faifan ajiya kai tsaye. Ni kuwa kwamfuta ɗaya gare ni, tsohuwa 'yar gwanjo. Sai na yi amfani da wata dabara da ake raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar biyu, na dasa manhajar a cikin ta biyun, wadda ba ta da jiki sai suna. Na kuma sayi faifan ajiya biyu na jona su ta wani ɗan akwati mai waya, irin mai arha. Tun ranar farko manhajar ta nuna gargaɗi cewa ba ta iya sanin lafiyar faifan ta wannan hanya. Na danna na wuce. Na ce a raina ai faifai biyu ne, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan.

Da kawu ya tambaye ni ko har yanzu ana buƙatar kaset ɗin, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, muryar Malam ta shiga wurin da ko gara ba ta kaiwa. Ya raba wasu ga tsofaffin ɗalibai don tabarruki, sauran aka mayar tsohon ɗakin. Daminar shekarar rufin ɗakin ya rufta a kansu. Ba wanda ya damu sosai, tunda na ce komai yana wurina.

Kakata, matar Malam, ce ta fara jin alamar. Nakan zuba mata karatun a memori in aika mata, ta sa a ƙaramar rediyonta tana saurare bayan la'asar. Da na je gaishe ta, ta jawo ni da wasan da muka saba, sannan ta ce: "Angona, mi ya sami muryar Malam? Tun da nike da shi ban taɓa jin ya yi in'ina ba." Ta kunna mini. Yana cikin bayani sai kalma ta tsinke, wani ƙara kamar ana yaga tsumma ya biyo, sai ga shi can gaba a wata magana daban. Na ce mata memorin ne ya tsufa. Amma ni na san sabo ne.

Na duba ma'ajiyar na tarar da jan rubutu, kurakurai sun taru a faifan duka biyu. Na goge lissafin kurakuran, na ga allo ya koma kore, na lallashi kaina. Bayan kwanaki suka dawo, sun fi da yawa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin in tayar da janareto, sai su ƙaru. Wasu karatuttukan suka daina buɗewa. Wani dattijo daga Dogon Daji ya zo neman tafsirin wata sura, na ce masa ya dawo mako mai zuwa, ina gumi a inuwa. Shagon da nake alfahari da shi ya koma wurin da nake shiga da fargaba, kunnena yana kan akwatin nan da ya fara wani ɗan ƙyas-ƙyas.

Sai da abin ya kai haka na rubuta tambaya a dandalin masu amfani da manhajar. Amsar farko tambaya ce, wane irin ƙarfe, wato kwamfuta da kayan haɗinta, na ɗora manhajar a kai. Da na faɗa, wani ya bayyana mini cewa akwatin nan yakan gaya wa manhajar ya gama rubutu alhali bai gama ba, in wuta ta ɗauke a nan, abin ya tafi, kuma tunda faifan biyu hanya ɗaya suke bi, tare suke lalacewa. Ya gargaɗe ni in kashe komai, kada in taɓa, in nemi wani faifai in kwafe abin da ya rage tukuna. Na ga abin zai ɗauki lokaci, ga azumi ya matso, mutane za su zo neman tafsiri. Na tsinci wani umarni a intanet da aka ce yana tilasta wa ma'ajiya ta gyara kanta. Na buga shi da hantsi, shago cike da mutane. Allon ya yi ta gudu, ya tsaya. Da na sake kunnawa, manhajar ta ce ba ta san wata ma'ajiya ba.

Wani gwani a Sakkwato ya ceto abin da bai kai rabi ba. Ni da kawu muka hau babur muka bi ƙauyuka muna roƙon kaset ɗin da aka raba, muka samu kaɗan, wasu sun riga sun ruɓe. Karatun shekarun Malam na ƙarshe bai dawo ba, har da wanda ya yi wa iyalinsa doguwar addu'a yana kiran sunan kowa. Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Da ka ce muna ba ka da tabbas, da mun aje su wuri mai kyau." Kakata kuwa har ta rasu ba ta sake tambayata ba, kuma shirunta ya fi mini zafi.

Na rubuto ne don 'yan uwana masu wannan sana'a, musamman na ƙauyuka inda ba mai duba aikinmu. In masu manhaja sun ce ba ta aiki a kan wani ƙarfe, sun ga asarar wasu ne kafin su rubuta. Faifai biyu a akwati ɗaya ajiya ɗaya ce. In abu ya fara lalacewa, a kwafe kafin a taɓa gyara. Kuma kada ka taɓa ce wa mutum ya saki na asali saboda ya yarda da kai. Ni kwamfuta na sake saya, amma akwai jikokin Malam da aka haifa bayansa waɗanda ba za su taɓa jin yadda ya roƙa wa iyayensu Allah ba, kuma ni ne sanadi.