Gwaggo Kande da Dorinar Littafi

Ku da kuka san Gwaggo Kande kun san tsakinta. Dogo ne, a hankali take jansa kamar mai zare lagwani, in ta kai ƙarshe ta ɗora da, "Kai, mutane da ƙarya!" Rediyo ya sha wannan tsaki, mai kayan miya ya sha, likita ma ya sha yana cikin rubuta mata magani. Amma wadda ta fi kowa shansa a gidanmu na haya a unguwar Makera ba mutum ba ce. Dorina ce, ta cikin littafi.

Ni Zulai a hannunta na tashi. Yayar babana ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mahaifiyata ta rasu ita ta ɗauke ni. Ƙofar ɗakinmu tana kallon ta Malama Rahila, 'yar Filato, mai koyarwa a firamare. Mijinta, Baban Bitrus, a masaƙa yake aiki. Malama ce mai littafin. Tsohon littafin yara ne na Turanci mai manyan hotuna, bangonsa ya sha ɗinki, ta ce da shi ita ma ta koyi karatu. Labarin wata dorina ce mai kirki da take goya yaran wani ƙauye tana haye kogi da su zuwa makaranta. Da yamma Malama takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta karanta, tana juya mana shi da Hausa.

Ranar farko Gwaggo tana tsintar shinkafa a bakin ƙofa. Sai muka ji an ajiye faifai.

"Malama, me na ji kin ce? Dorina?"

"Dorina, Gwaggo. Mai kirki ce."

"Ita ce ta goya yara?"

"Ita ce."

Sai tsaki ya tashi, har kaji suka ɗaga kai.

"Ni 'yar Yawuri ce, a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Dorina ta kifar da kwalekwalen kawuna, ya fito ba hula ba wando, har ya mutu ba ya son leƙa randa. Wanda ya rubuta wannan abu ya taɓa ganin dorina kuwa?"

Malama ta yi dariya. "Labari ne kawai na yara, Gwaggo."

"Su yaran ba su cancanci gaskiya ba? Miƙo in gani." Ta karɓa ta ƙura wa hoton ido. "La ila! Har da murmushi! Ina haƙoran? An cire mata haƙora don a cuci 'ya'yan mutane!"

Nan take ta haramta mini zama a tabarmar. Washegari kuwa ta riga ni zama, wai ta zo ta tsare mu.

Gwaggo ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma kafin a ankara ta haddace littafin kaf. In Malama ta gaji ta haɗa shafi biyu ta juya, sai ta ji an ce, "A'a. Kin tsallake inda yaron nan mai jar riga ya yar da takalminsa a ruwa."

"Ashe kina bi, Gwaggo?"

"Wa ke bi? Ƙaryar nake gadi, kada a ƙara wata a kai."

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ba zancen da ake yi sai na zaɓe. Baban Bitrus ya dawo daga aiki ya tarar da su biyun suna ta kai ruwa rana a kan dorina, ya ce, "Kun ga, yanzu mulkin farar hula ne, kowa da bakinsa. A yi zaɓe mana! Gobe wanda ya ce dorina mai kirki ce ya tsaya bayan Malama, wanda ya ce ƙarya ce ya tsaya bayan Gwaggo."

Gwaggo ta ce ta yarda. Da safe ta soya ƙuliƙuli, ita da ko gutsure ɗaya ya faɗi ƙasa sai ta sa an nemo mata. Ta bi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya tana cika musu hannu, tana raɗa musu, "Ka dai san inda za ka tsaya." Muka ci, muka sha ruwa. Da yamma Baban Bitrus ya buga murfin tukunya, muka kwasa a guje muka yi layi bayan Malama, har da ni. Gwaggo ta waiwaya. Ba kowa a bayanta sai kazarta tana tonon ƙasa.

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Na soke zaɓen."

"Haba Gwaggo!" in ji Baban Bitrus, yana riƙe ciki. "Ai soja sun koma bariki!"

"Na ƙasa ne suka koma. Na gidan nan yana nan daram. Kuma a dawo mini da ƙuliƙulina."

Shafi ɗaya ne kawai ba ta taɓa yi wa tsaki ba, na ƙarshe. A nan an gina wa ƙauyen gada, yara suna tafe a kai suna ɗaga hannu, dorina tana cikin ruwa ita kaɗai tana kallonsu. In an zo wurin sai Gwaggo ta kama sosa gwiwa. Wata rana Malama ta bar mana littafin ta tafi kasuwa. Gwaggo ta buɗe shafin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Zulai, ke ma in kin sami gada haka za ki wuce?"

Ban gane ba a lokacin. Na ce, "Wace gada, Gwaggo?"

"Ba komai. Ɗauko fensirinki."

Ta sa na zana kwano a bakin ruwa, gaban dorinar, ta ce in cika shi har ya yi tozo. Da Malama ta dawo ta gani, ta dafa ƙirji. "Wa ya ɓata mini littafi?"

"Gyara shi aka yi. Baiwar Allah ta ƙare ƙarfinta tana jigilar 'ya'yan wasu, daga farkon littafi har ƙarshe ba wanda ya ce mata ga loma."

"Ba ke kika ce muguwa ce ba?"

"To mugu ba ya cin abinci ne?"

Malama ba ta goge kwanon ba.

Sai rikicin addinin nan ya zo, wanda kowa a garin nan ya sani, ba sai na tsaya faɗa ba. Allah ya tsare gidanmu, amma da ƙura ta lafa kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Su Malama suka kwashe cikin gaggawa suka koma unguwar Narayi, ko sallama ba a yi ta kirki ba. Bayan sun tafi muka ga littafin a kan tagarmu, inda Gwaggo ta ajiye shi. Ta naɗe shi a zani ta sa a ƙarƙashin filo. Gidan ya yi tsit. Rediyo ya yi ta zuba yadda ya ga dama, ba mai ƙaryata shi.

Wata safiya Gwaggo ta ɗauki mayafi da littafin ta ce Narayi za ta. Babana ya tare ƙofa.

"Yaya, ki yi wa Allah. Ba yanzu ake zuwa can ba. Littafi ne fa kawai."

"Kayan mutane ne. Kuma ban gama magana da matar nan ba."

"In wani abu ya same ki fa?"

"Kai na goya, ba kai ka goye ni ba. Matsa."

Ya matsa. Ni kuma na riƙe bakin zaninta na ƙi saki, dole ta tafi da ni.

A cikin bas ita kaɗai ce mai mayafi. Wani saurayi a gefenmu ya kafa mana ido. Gwaggo ta dafa hannuna. Can sai ta kwance zanin, ta buɗe littafin, ta kai shi har hancin saurayin.

"Kai ɗan nan, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin dorina tana murmushi?"

Ya dubi hoton, sannan ya fashe da dariya. Ya ce ai ya san littafin, an karanta musu a firamare, kuma shi yana son dorinar. Wani dattijo ya ce a miƙo ya gani. Kafin mu yi nisa bas ta rabu biyu. Wata mata 'yar Binuwai ta juyo daga gaba ta ce, "Mama, gaskiyarki ne. A wurinmu in an ga wannan abu, gudu ake yi."

Gwaggo ta kama hannunta ta riƙe gam. "'Yar albarka! Ina kika shiga ranar zaɓe?"

Saurayin nan shi ya sauka da mu, ya yi ta tambaya har ya kai mu ƙofar gidan.

Malama tana shanya ta hango mu. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta taho da gudu ta rungume Gwaggo tana kuka, tana cewa, "Gwaggo, ke ce? Ke kika zo har nan?" Gwaggo ta tsaya ƙiƙam, hawaye na bin kumatunta, ta ce hayaƙin mota ne.

"Ga kayanki."

"Ki riƙe, na ba Zulai."

"Ni ba na ajiye ƙarya a ɗakina. Ki ajiye a nan. Zan riƙa zuwa ina dubawa ko ta shiryu."

Haka kuwa aka yi. Shekara da shekaru tana hawa bas zuwa Narayi da ƙullin ƙuliƙuli, su zauna a tabarma su yi gardama, ta dawo tana ba mu labarin yadda ta ci Malama da hujja. Da ƙafa ta gaza, Malama ce ta koma zuwa Makera. Dorina dai ba ta shiryu ba har ƙarshe.

Ranar da Gwaggo ta rasu, Malama ta zo ta rufe kanta da mayafi, ta zauna cikin mata har aka watse. Da za ta tafi ta riƙe ni ta ce, "Zulai, yanzu duk abin da na faɗa sai dai a ce mini haka ne." Muka yi dariya, dariyar ta ƙare a kuka.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kande. Ta goyi waɗanda ba ta haifa ba, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ya Allah ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka sanyaya mata makwanci, ka haɗa ta da maƙwabta na gari masu haƙurin gardama. Amin.