Madubin Babur Ya Kusa Cinye Min Ido

"Ƙas" kawai na ji, sai idona na hagu ya rufe da kansa.

Jiya da hantsi ne, a ƙofar gidanmu a Iku. Wani mai fenti a Gauraka ya ce kafin in kawo masa babur ɗina fenti, in jiƙa madubin a ruwan zafi, gam ya saki, in ciro gilashin daga kwanonsa. Ni kuwa gaggawa ta sa na zura sukundireba na danna. Gilashin ya tarwatse a fuskata.

Hawaye ke bin kumatuna ko jini, ban sani ba. Na ɗaga hannu zan murza, maƙwabciyarmu Maman Grace ta cafke shi.

"Baban Aisha, kada ka taɓa. In ka murza, ka gama da idon."

"Mama, da idon nan nake acaɓa. In ya tafi, me yara za su ci?"

"Bai tafi ba tukuna. Rufe ɗayan ma, ka biyo ni."

Haka ta ja ni har bakin titi, ina jin ƙarar motoci ba na ganinsu. A asibiti likita ya zaro ɗan tsinin gilashi, bai kai ƙwayar gero ba.

Idon yana ɗaure, sai jibi za a buɗe, kuma wallahi tsoron jibin nake. Wanda irin wannan ya taɓa samu, don Allah ya faɗa min gaskiya: ganinsa ya dawo daidai?