Waken Leda Ranar Gayya

Ni manomin wake ne, ubana ma haka ya tashi ya mutu. Shi ya sa ranar da na shigo gida da wake a cikin leda ban gaya wa kowa ba. Yanzu kuwa duk ƙauyenmu an riga an sha dariyar abin, ba ni da sauran abin ɓoyo.

Damina ce ta yi tsakiya. Gonata tana kan hanyar Zango, gero ya kai gwiwa, ciyawa ta kusa haye shi. Bayana kuma ya soma ba ni labarin shekaru, ba zan iya maimai ni kaɗai ba. Sai na kira gayya. A wurinmu ɗan gayya ba a biyansa, cikinsa ake cikawa. A kai fura da hantsi, a kai abinci kafin azahar. In abinci ya zo, a yi salla a ci a koma aiki har la'asar sakaliya. In ya makara, kowa ya saɓa hauyarsa ya tafi gida, kuma ba mai dawowa, don gobe gonar wani ce. Kai kuma ka zauna da ciyawarka da sunan wanda ya bar mutane da yunwa.

Matata ba ta nan, ta tafi Dutsi jinyar mahaifiyarta. Daga ni sai Inna, wadda ta haife ni. Na ce a kira matan maƙwabta su kama mata girki, ta ce tun kafin a haifi uwayensu take ciyar da gayya. Na bar mata girkin.

Abin da ya dame ni shi ne waken. Na bara ne, ya tsufa a buhu, ƙwari sun huda rabinsa, sauran kuma ya zama tsakuwa. Irin wanda za ka ɗora da asuba, rana ta take yana hararar ka. Ga itace duk ruwa ya jiƙa, busasshen bai fi dami ɗaya ba.

Ranar kasuwa na shiga Daura sayen shinkafa da mai, na biya gidan 'yar kawuna. Taubashiyata ce, bakinta ba ya hutawa a kaina. Su da wasu matan unguwarsu suna da wata sana'a: su tsince wake, su turara shi ya kusa nuna, su shanya ya bushe ƙarau, su ƙulla a leda. Na tarar da tsakar gidan ba wurin taka ƙafa, duk tabarmi da wake a baje. Kafin in gama gaisawa mata uku sun shigo saye, har da wata malamar asibiti da kayan aikinta a jiki, wai gas ya yi tsada, ba ta da lokacin gadin tukunya.

Na ce, "Ikon Allah. Yanzu har wake sai an tauna muku kafin ku haɗiye?"

Ta ce, "Kai bawana, rufe mana baki. Ka taɓa hura wuta da ɗanyen itace? Ku dai ku miƙe ƙafa ku ce ina abinci."

Da na ba ta labarin gayya, ta ɗauko manyan ledoji biyu ta dangwarar a gabana. Ta ce, "Saurara da kunnen basira, in kana da shi. Tare da shinkafa ake zuba shi, tare suke nuna. Kuma kada a sa kanwa. Ka ji? Ban da kanwa."

Na ce na ji. A raina na ce wake ba kanwa, ai sai a birni.

A hanya, ina bayan ɗan acaɓa, kunya ta kama ni. Yaya zan dubi Inna in ce mata na sayo wake, ni da nake kai buhuna kasuwa? Da na iso sai na shige ɗakina, na farke leda ɗaya na juye a ƙwarya, ɗayar na tura ƙarƙashin gado. Na miƙa wa Inna ƙwaryar na ce wani aboki ne ya ba ni. Idonta ya yi rauni, ta dai damƙa ta murza, ta ce, "Wannan ya ga duniya. Dubi yadda ya yamushe. Sai an ba shi wuta." Nan ne ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba.

Ranar gayya mutum goma sha wani abu suka fito. Aka jeru, ƙasa da laushi, aiki yana tafiya. A cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcina, shi ke jan layi, shi ne kuma sarkin tsiya. Da aka sha fura ya goge baki ya ce, "To, mai gona, fura ta yi. Saura mu ga ko gwauron kwana goma zai iya fitar da mu kunya."

Rana ta ɗaga sosai na ajiye hauya na taho ɗaukar abinci. Tun daga zaure na ji shiru. Na tarar da Inna zaune a kan turmi ta zuba wa tukunya ido, muciya a hannu.

Ta ce, "Kai wannan, zo ka gani. Wa ya ba ka waken nan?"

Na leƙa. Babu wake. Wani abu ne ja-ja mai kauri yana ɓulɓula kamar kunun kanwa. Ashe tun da sassafe ta ɗora shi, ta ninka masa kanwa saboda ta ga ya tsufa, ta tura masa busasshen itacen nan gaba ɗaya, ta tafi dama fura. Shinkafa kuwa tana nan a wanke, tana jiran wake ya yi laushi.

Ta ce, "Shekara hamsin ina dafa wake, ban taɓa ganin wanda ya narke don tsoro ba. Abokin nan naka, ka tabbata mutum ne?"

Na dubi inuwar katanga, ta kusa shigewa gindinta. Azahar ta matso. Ba yadda zan yi, na shiga ɗaki na jawo ɗayar ledar na ajiye a gabanta, na faɗi gaskiya tun daga farko, har da maganar kanwa.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Da furfurarka. Ƙarya a kan wake."

Ta ce in zare kara daga dangar bayan gida. Na zare kusan rabin dangar, har awakin maƙwabta suna leƙo mu. Ni ke tura kara ina hurawa, hayaƙi yana sa ni hawaye, ita kuma ta zuba shinkafa da waken tare, tana yi tana tsaki. Sau biyu hannunta yana kaiwa ga gwangwanin kanwa, ina cewa, "Inna, don Allah." Ta ce, "Na ji, malamin wake."

Wallahi kafin karan ya ƙare abinci ya nuna. Ta ɗebi ƙwaya ɗaya ta latsa da yatsa, ta sa a baki, ta tauna da sauran haƙoranta. Ba ta yaba ba. Cewa ta yi, "Kawo kwanukan."

Narkakken ma ba ta yarda a zubar ba. Ta yanka masa albasa, ta kwarara man gyaɗa, ta barbaɗa yaji, ta ce in tafi da shi.

Na iso gona a kan amalanke ana kiran salla daga gari. Mutum biyu har sun saɓa hauya, da suka hango ni suka sauke. Aka yi salla a gindin gawo, aka zauna. Dattijon nan ya buɗe kwanon narkakken ya ce, "Wannan fa? Wake ne ko ginin ɗaki za mu yi?" Ya sa yatsa ya lasa, ya jawo kwanon gabansa. Shi ya sa masa suna faten gwauro, kuma shi ya sha fiye da rabi. Da suka matsa mini da tambaya na ba su labari, wani har ya kwanta a kan kunyar gero yana riƙe ciki. Amma sun tashi sun koma aiki, kafin la'asar sakaliya babu ciyawa ko ɗaya a tsaye. Geron nan ya yi kyau a shekarar.

Abin da ban zata ba, labarin ya riga ni shiga gidaje. Matan garin ba dariyar suka riƙe ba, karan suka riƙe: wai da rabin danga an dafa abincin gayya. Tun daga nan duk ranar da zan shiga Daura sai an aiko mini da saƙon leda, ni da na yi wa abin tsiya. Da kaka kuma taubashiyata take zuwa da kanta ta auni wakena, tana cewa, "Bawana, a tsince shi da kyau, kai za ka ci."

Inna har yau tana cewa waken leda ba shi da ɗanɗanon na da. Wataƙila gaskiyarta ne. Sai dai ran nan zan fita ta kira ni ta ce in na ga yarinyar nan ta Daura in karɓo mata leda biyu, wai don baƙi. Ban tambaye ta waɗanne baƙi ba. Dangar ce dai har yanzu ban gyara ba.