Kirik Mai Launin Tuta

Ko ƙwaƙwalwata ta zubar da komai, ba za ta zubar da ranar da na yi wa kirik kwalliya ba. 'Yancin kai bai daɗe ba aka turo ni Tawa, ina saurayi da takardar makaranta a aljihu, aka ce ni ne mai kula da motar ma'aikatar lafiya, irin mai shiga dajin nan. Kai, ka ga tafiyata a lokacin, sai ka ce ni na kori Nasara da hannuna!

Direbanmu wani dattijo ne, tsohon soja, mutumin Adar. Yana da kirik ɗinsa na ɗaga mota, dogon ƙarfe mai jerin ramuka da ya kai mini ƙirji. Wasu ƙusoshi biyu ne ke hawa ramukan bi da bi idan ana danna hannunsa. Duk Juma'a sai ya zauna ya goge shi, ya ɗiga wa ƙusoshin baƙin mai, ya naɗe shi a buhu. Ni kuwa ƙazanta kawai nake gani.

Da aka ce manya za su zo daga Yamai duba kayan aiki, sai na sa aka wanke kirik ɗin da sabulu tas, aka shafe shi da fenti kauri-kauri, ruwan lemo da fari da kore, launin tutarmu. Dattijon ya tarar ana shanya shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni da laƙabin girmamawa na Faransanci, ya ce, "Mushe, wanga ba amarya ba ta, ƙarhe na."

Na ce, "Shofer, zamani ya sake. Kai dai tuƙi aka ɗauke ka." Manya suka zo, suka yaba ƙwarai, har ɗayansu ya dafa mini kafaɗa.

Da damina ta yi tsaka, wani mai raƙumi ya kawo labari cewa kububuwa ta sari wani manomi a ƙafa wajen Takanamat. Muka je muka ɗauko shi da hantsi, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ma'aikacin jinyar da muka tafi da shi ya ce in mun isa asibiti kafin azahar, akwai fata a ceci ƙafar. Muna dawowa, motar ta nutse a taɓon wata fadama har ciki.

Dattijon ya shimfiɗa katako a kan taɓon, ya kafa kirik a kai, ya danna hannu. Shiru. Ya sake dannawa. Fentina ya riƙe ƙusoshin gam, ko motsi ba sa yi. Ga kirik nan tsaye yana ƙyalli, kyakkyawa, ba abin da ya iya sai kyau. Wallahi da dattijon zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna ya zaro wuƙa, ya shiga kankare ramukan ɗaya bayan ɗaya. Babu baƙin man shafawa a motar, don na hana a ɗauko gwangwaninsa, wai yana ɓata kujera. Sai da na yi tafiya mai nisa zuwa wata ruga na roƙo man shanu, matan suna tambayata ko tuwo za mu ci.

Da ya shafa man, ƙusoshin suka fara hawa, ƙas, ƙas. Mota ta ɗago, muka cusa duwatsu da rassa a ƙarƙashin taya, dattijon yana faɗa mana kada wanda ya kuskura ya sa jikinsa a ƙarƙashi. Da aka zo saukewa, kunya ta sa na yi wuf na kama hannun kirik, na sunkuya a kansa.

"Kau da kanka, ɗana!" Dattijon ya fizge ni baya. Hannun ya kuɓuce ya yi sama, ya wuce ta gefen kunnena da ƙugi. Ya kama shi da hannu biyu, ya sauke motar sannu a hankali. "In da nauyi bisa, ba a sakin shi, ba a ba shi huska."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ba mu shiga Tawa ba sai bayan la'asar. Manomin ya rayu, amma kwanaki kaɗan bayan haka aka yanke ƙafar. Ko da mun iso da wuri za ta tsira? Ban sani ba, kuma rashin sanin nan bai taɓa barina ba.

Bayan kaka sai ga manomin a ƙofar ofis, yana dogara sanda, da zabbi biyu a hannu. Ya ce an gaya masa ni ne babba a motar da ta ceci ransa. Ya yi ta sa mini albarka. Dattijon direbanmu yana gefe, kansa a ƙasa. Na karɓi zabbin, don ban sami ƙarfin faɗa masa gaskiya ba.

Tun daga ranar, in na ga mai aiki yana yi wa kayan aikinsa abin da ban gane ba, tambayarsa nake yi kafin in ba da umurni. Na koyi haka ne da ƙafar wani, shi kuma har ya bar duniya godiya yake yi mini.