Lauratu Mani, Wadda Kotu Ta Ƙi Shaidarta

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Lauratu a Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari a shekarar 1952, ɗiya ta huɗu ga Malam Mani manomi da mai ɗakinsa Mero. Tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta, ta tashi da rai, amma hankalinta bai bi girman jikinta ba. Saboda tsoron kada a riƙa dukanta a gidajen mutane, Mero ta hore ta da abu guda: duk abin da babba ya faɗa, ta sunkuyar da kai ta ce haka ne.

Sana'a

Ba ta yi karatu ba, ba ta kuma yi aure ba. Daga 1966 ta kama surfe da daka a gidajen gari, aka san ta da tsabta da rashin ƙarya, don ko ƙwarya ta fasa, ita ke fara kai ƙarar kanta.

Shari'a

A daminar 1976, da rana tsaka, Mamuda, ɗan garin da ya samu kwangilar jigilar tsakuwa a aikin sabuwar hanya, ya tare ta a cikin dawa ya yi mata fyaɗe. Ta dawo gida ta faɗi sunansa, ta maimaita wa mai gari, ta maimaita wa 'yan sanda, ba ta sauya ko kalma ba. A kotu ma ta nuna shi da yatsa. Sai lauyan da Mamuda ya ɗauko daga Kaduna, dattijo mai furfura, ya miƙe ya ce da ita cikin lallashi, "Ɗiyata, ai ba shi ba ne, ko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Baba." Ya ce ai wani baƙo ne, ta ce haka ne. Babu wanda ya tsaya ya tambaye ta yadda za ta gane, abin takaici. Alƙali ya rubuta cewa shaidarta ta ci karo da juna, aka sallami Mamuda. Mero ta fito tana cewa ita da kanta ta kashe shari'ar da bakinta, don ita ta koya wa Lauratu cewa haka ne, kuma ba ta daina faɗin haka ba har ta bar duniya a 1979.

Ƙarshen rayuwa

Lauratu ta haihu a bazarar 1977, ta ci gaba da surfe da goyo a baya. Mamuda kuwa ya sauke farali a 1980, ya gina gidan siminti a bakin hanya.

Allah Ya yi wa Lauratu rasuwa ranar wata Laraba cikin 1982 bayan gajeruwar jinya, aka yi mata sutura a maƙabartar garin bayan Azahar. Ta bar ɗiya guda, Suwaibatu, wadda kowa a Ruwan Godiya ya san kamannin wa ta ɗauko, amma har yau da sunan kakanta Mani ake kiranta.